Wayar Da Take Haɗiye Murya

Na danna saƙon, 'yar alamar ta fara motsi kamar yadda take yi idan murya tana fita, amma ban ji komai ba.

Na kara wayar a kunne. Shiru. Na girgiza ta, na goge ta da bakin riga, na sake dannawa. Shiru. Jan ɗigon da ke nuna ba a saurari saƙo ba ya ɓace, wato wayar tana cewa an ji. Ni kuwa ban ji ba. To wa ya ji?

Desheng, saurayina, ne ya aiko. Shi ba ya rubuto min, don ya san karatuna a firamare ya tsaya. Shekarar da Baba ya rasu na bar makaranta na shiga ɗinkin takalma, haruffan da na sani ba su isa su kai ni ƙarshen doguwar magana ba. Saboda haka da murya yake min magana, ni ma da murya nake ba shi amsa, can ƙasa-ƙasa, don ko ni kaɗai ce a ɗaki kunya nake ji.

"A-Fen!" Ma, mahaifiyata, ta ƙwala min kira daga ƙasa. "Sauko ki ci, ko sai na kawo miki a baki?"

Na sauko. Ta ajiye kunun shinkafa da soyayyen kabeji da ɗan kifi. A kan kantar kicin, kusa da tukunyar shinkafa, baƙar lasifikarta ta rawa tana zaune tana caji. Duk yamma da ita Ma da ƙawayenta suke rawa a dandalin ƙofar gidanmu. Baokun ne ya kawo mata ita kyauta da sabuwar shekara, shi mai shagon waya a bakin kasuwa, wanda Ma take so na aura. Ranar da ya kawo ta har zama ya yi ya sha shayi, ya gwada ta da wayata, tunda ta Ma tsohuwa ce mai maɓallai.

"Fuskarki kamar an jiƙa ta," in ji Ma. "Mai kayan matattun ne bai kira ba?"

Na sunkuyar da kai.

Abin da ta tsana a wajen Desheng ke nan. Shi da mahaifinsa suna yin kayan takarda da ake ƙona wa mamata: gidaje, motoci, riguna, har wayoyi. Duk wanda aka yi masa rasuwa a garinmu shagonsu yake zuwa, amma idan ana biki ba mai kiransu. Ma kan ce ko inuwar shagon ba ta so ta taɓa ta.

"Yarinya mai ƙafa biyu da ido biyu," ta ci gaba, tana tura min kifin, "ki rasa wanda za ki so sai wanda yake jiran mutane su mutu ya ci abinci. Da wace fuska zan je bikin mutane? Su ce ga surukar masu kayan makoki ta zo?"

"Ma, sana'a ce."

"Au, bakinki ya buɗe? Ci abincinki."

Washegari a hanyar aiki, da na wuce gada, na sake danna saƙon. Sai ga muryarsa tar.

"Dodon koɗina, fito daga cikin ƙoƙonki. Gobe idan kun tashi cin abincin rana, ki same ni a bayan ɗakin ibada, wajen tsohuwar bishiyar nan. Zan zo miki da wainar kawa, naman ruwan nan da kike so, mai zafi."

Dodon koɗi yake ce min saboda kunyata. Ba wanda ya san wannan sunan sai ni da shi.

Da rana na tafi. Ina shan kwanar ɗakin ibada, wa zan gani zaune a gindin bishiyar, tana fifita da mafici? Ma. Desheng yana tsaye nesa kaɗan da ƙunshin wainar a hannu, kamar wanda aka dasa.

"Kin zo?" in ji Ma, ko kallonsa ba ta yi ba. "Na zo kunna turare ne, sai na ce bari na huta. Wuce mu tafi."

Na bi ta. Ban iya ko waiwayawa ba.

* * *

Da sau ɗaya ne, da na ce sa'a ce ta gudu. Amma abin ya zama kullum.

Ya ce mu haɗu a tashar mota, Ma ta riga ni zuwa. Ya ce ranar hutu zai kai ni birnin Quanzhou in ga wani ɗaki da yake so ya kama, da wani wurin buga kwalaye da suka ce za su ɗauke shi aiki, don ya bar sana'ar gidansu saboda ni. Da safiyar ranar Ma ta kwanta ta ce ƙirjinta yana ciwo, ta riƙe hannuna ba ta saki ba sai da rana ta yi tsaka.

Kuma duk saƙon da na danna a gida, wayar sai ta haɗiye shi. Sai na fita waje take yarda ta yi magana. Ga ta da ɗaukar zafi, ga cajin ba ya kai yamma.

A wajen aiki matan suna ta labarin masu kutse. Wata ta ce ƙanwar mijinta an shiga wayarta daga wani gari, ana jin duk abin da take faɗa. Wata ta ce har ta idon kyamara suke kallon mutum. Ina jin su ina tura fatar takalmi ƙarƙashin allura. Da na koma gida na yanko ɗan filasta na liƙe idon wayar.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne Ayi Pan, babbar ƙawar Ma a wajen rawa. Ayi muke ce wa duk macen da ta kai sa'ar uwa. Na zo wucewa ta gaban shagonta na tofu, wato awara, ta leƙo tana dariya.

"A-Fen! Ina za ki da sauri haka? Dodon koɗi ma yana gudu?"

Na tsaya cak.

"Ayi, me kika ce?"

"Ni? Ban ce komai ba. Fito daga cikin ƙoƙonki, yarinya, rana ta fito!" Matan da ke sayen tofu suka fashe da dariya.

Ban san yadda na isa gida ba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na sa wayar cikin aljihun tebur na danne ta da tufafi, kamar wata dabba mai cizo. Na yi kuka har idona ya kumbura.

Ma ta shigo ba ta ƙwanƙwasa ba.

"Mene ne kuma?"

"Ma, an shiga wayata. Wani yana jin komai. A ina Ayi Pan ta ji wannan sunan? Ke ma a ina kike jin inda za ni?"

Ta hau gyara zanen gadona.

"Gari ne yake faɗa," ta ce. "Duk kasuwa an san zancenki, ni ce ta ƙarshe da nake ji. Tashi ki wanke fuska, mu je wajen Baokun. Shi ya san kan waɗannan abubuwan."

* * *

Baokun ya tashi da sauri da ya gan mu, ya ja wa Ma kujera, ya zuba mata shayi a ɗan kofi da hannu biyu.

"Ayi, ku zauna. A-Fen, yau wace rana? Har shagona?"

Na miƙa masa wayar. Ma ce ta yi bayani, ni ina kallon ƙasa.

Ya ga filastar, ya yi murmushi. Ya jona wayar da kwamfuta, rubutu ya cika fuskarta, yana gudu kamar tururuwa. Ya daɗe yana kallo yana kaɗa kai. Sau ɗaya ya ɗago ya kalli Ma, ita kuma ta kalli kofinta.

"Kai," ya ce. "Kai, kai, kai."

"Faɗa mana mana," in ji Ma.

"An sa mata manhajar leƙen asiri. Babba ma kuwa. Shi ya sa take zafi, shi ya sa take haɗiye murya: lokacin da kika ji shiru, tana aika komai waje ne."

Da ƙyar na ce, "Daga nesa aka sa?"

"Daga nesa ake saurare. Amma sawa, sai an riƙe wayar a hannu. A-Fen, ki tuna da kyau. Wa ya taɓa riƙe wayarki ba kya wajen?"

Ba sai na yi tunani ba. Lokacin damina ta suɓuce min gilashinta ya tsage, Desheng ya karɓa ya ce zai liƙa mata sabon gilashi. Ta wuni a hannunsa.

"Ba kowa," na ce.

"Ƙarya take," in ji Ma. "Dubi kunnenta ya yi ja."

"Ba zai yi ba!" Muryata ta fita da ƙarfin da ban san ina da shi ba. "Me zai sa ya tona asirin kansa? Shi ne fa ake hanawa ganina!"

Baokun ya jingina da kujera, ya yi magana a hankali kamar mai lallashin yaro.

"Ba shi yake kai wa Ayi labari ba. Ke ba ki san maza ba. Suna da zaurensu a waya, kowa yana nuna abin da ya samu. Ya tura musu muryarki suna dariya, su kuma abokai ba sa riƙe baki. Wannan ya gaya wa matarsa, matar ta gaya wa mai tofu." Ya taɓa filastar da yatsa. "Wannan kuma kin makara. Idon nan ya daɗe a buɗe. A ina kike ajiye ta idan za ki canja kaya?"

Duniya ta juya min. A kan tebur nake ajiye ta, tana fuskantar gado.

Ma ta dafa ƙirji. "Wayyo, 'yata! Na faɗa miki, na faɗa miki!"

"Kada ku damu, Ayi," in ji Baokun. "Na cire. Ni dai ko me aka gani, ban canja magana ba. Gidana yana nan a buɗe."

Ya miƙo min wayar. Na karɓe ta da yatsu biyu.

* * *

Tun da nake ban taɓa shiga shagon su Desheng ba. Ranar na shiga.

Gidajen takarda masu hawa uku suna jere har rufi, ja da ruwan zinariya. Ga motoci, ga 'yan aiki na takarda da fararen fuskoki suna kallona. Desheng yana zaune a ƙasa yana lanƙwasa tsinken gora, hannunsa duk gam. Da ya gan ni ya miƙe, fuskarsa ta washe.

"Dodon koɗina! Ke ce har nan? Tsaya a waje, kada Ma ta ce..."

"Kada ka sake kirana da wannan sunan."

Ya tsaya.

"Duk kasuwa suna kirana da shi. Ayi Pan tana kirana da shi. Ka ji daɗi?"

"Ayi Pan? A ina ta ji?"

"Ni kake tambaya? Desheng-ge, me na yi maka?" Ge ɗin nan, wato yaya, yana fita daga bakina hawaye suka ɓalle min. "Ranar da ka karɓi wayata, gilashi kaɗai ka liƙa?"

"To me zan liƙa bayan gilashi?"

"An duba. An ga abin da ka sa. Kana jina, kana kallona a ɗakina, kana tura wa abokanka!"

Ya goge hannunsa a wando, a hankali, kamar bai san yana yi ba.

"Wa ya duba?"

Na kau da kai.

"Baokun," ya ce. Ya yi wata dariya marar daɗi. "Mutumin da yake neman aurenki ya duba wayarki ya ce ni ne ɓarawo, ke kuma kika taho da gudu. A-Fen, kalli hannun nan. Gora da gam na sani. Wayata ma ƙanwata ce take gyara min idan ta rikice."

"To wa ya san sunan? Ni da kai ne kaɗai! Ni ban faɗa wa kowa ba. Ni ko sunanka kunya nake ji in faɗa a gaban mutane!"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba!"

"Ban sani ba, na ce! Kina so in ƙirƙiro miki ƙarya?" Muryarsa ta tashi, sannan ta faɗi. "Na tsaya a rana da waina a hannu mahaifiyarki ta wuce ni kamar kare. Ban ce komai ba. Na je tasha na dawo, na je na dawo. Na gaya wa mahaifina zan bar sana'ar da kakansa ya bar masa, tsohon nan bai ci abinci ba ranar. Duk wannan don in leƙa ɗakinki?"

"Baokun ya ce haka maza suke."

"Ni na ce miki ba haka nake ba. Zaɓi wanda za ki yarda da shi."

Na so in yarda. Na rantse da kabarin Baba na so. Amma da na rufe ido sai in ga wayar a kan tebur tana fuskantar gadona, in ji dariyar matan nan a shagon tofu. Kunya ta rufe min komai.

"Ma ta yi gaskiya," na ce. "Duk abin da ya fito daga shagon nan ba alheri a cikinsa."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu yana tsaye ba sai ranar.

Daga bayan labule mahaifinsa ya yi tari. Ashe yana ciki, yana ji.

Na ciro matajin katako da Desheng ya saya min a bikin fitilu, na ajiye a kan rufin wani gidan takarda. Bai taɓa ba ni abin da ya yi da hannunsa ba, yakan ce na matattu ne, ni kuwa yana so in daɗe.

"Ɗauki abinki," ya ce.

"Ba na so."

"A-Fen, idan kika fita da wannan maganar a bakinki, ba zan biyo ki ba. Na gaji da bin mutanen da suke wanke hannu bayan sun gaisa da ni. Na ɗauka ke daban ce."

Na fita. Bai biyo ni ba.

Kafin in kai gada wayar ta yi ƙara. Saƙon murya, dogo. Ban danna ba.

* * *

Kwanaki suka shige. Jan ɗigon yana nan a kan sunan Desheng, ina kallonsa safe da yamma, ban taɓa shi ba.

Ma ta zama wata sabuwa. Tana dafa min miyar haƙarƙari, tana taje min kai. Baokun ya fara zuwa cin abinci, yana kawo lemo da ganyen shayi mai tsada. Aka fara maganar kai ranakun haihuwarmu wajen mai duba don ya zaɓi rana. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban ce komai ba. Na koma cikin ƙoƙona.

Ranar da abin ya faru injinmu ya lalace, aka sallame mu da wuri. Rabona da in kasance a gida lokacin rawa har na manta, kullum ina wajen aiki sai sun watse. Na hau sama na zauna bakin taga.

Rana tana shirin faɗuwa. Matan sun jeru a dandali da jajayen mafitai, Ma a gaba, Ayi Pan a gefenta. Lasifikar tana kan kujera daidai ƙarƙashin tagata, an ƙure mata murya. Tsofaffi suna zaune a kan benci, yara suna zagaye. Baokun ma yana nan, jingine da babur ɗinsa, yana jiran a gama a ci abinci.

Ana tsakiyar waƙa sai kiɗan ya fara sarƙewa, ya tsaya.

"Katin waƙoƙin nan ya tsufa!" wata ta ce.

"Pan, taɓa shi mana, ke ce kusa!"

Ayi Pan ta duƙa tana danne-danne. Lasifikar ta yi ɗan ƙara, muryar mace ta ce, "An haɗa."

Na san wannan muryar. Kullum idan na shigo gida ina jin ta daga kicin, can ƙasa-ƙasa. Na ɗauka gaisuwar caji ce.

Wayar tana hannuna. Ban san me ya sa ba, ko shirun ne, ko ganin Baokun yana dariya da tsofaffi kamar ya riga ya zama ɗan gida. Na ce bari in ji ko me Desheng ya ce a saƙon nan, sau ɗaya, in goge. Na danna, na kara a kunne.

Kunnena bai ji komai ba. Dandali ne ya ji.

"A-Fen."

Muryar Desheng ta tashi daga ƙarƙashin tagata, ta daki bangon gidaje ta dawo. Mafitai suka tsaya a sama.

"Ba zan ce miki dodon koɗi ba, tunda kin hana. Ban sa komai a wayarki ba. Ban san wanda ya sa ba. Da na sani da na je na same shi, ko waye."

Na miƙe tsaye. Na ga Ma ta yar da maficinta ta nufi kujerar.

"Mahaifina ya ji abin da kika ce. Bai yi min faɗa ba, ya dai ɗauki matajin ya ba ƙanwata. Aikin nan na Quanzhou zan karɓa. Ɗakin da na so ki gani, tagarsa tana kallon teku, na san za ki so shi. Yanzu ba na buƙatar mai taga."

Ma tana danna maɓallai, muryar sai ƙaruwa take. Ayi Pan ta rufe baki da tafi.

"Tun ina yaro nake yi wa mutane abin da za su ƙona idan sun rasa wani. Ni ban san me zan ƙona ba. Ki ci abinci. Ki daina ɗinki ba fitila."

Saƙon ya ƙare.

Ban san lokacin da na sauko matakala ba, ba takalmi. Mutane suka dare min hanya. Ni da ban taɓa ɗaga murya a dandalin nan ba, ni da nake zagayawa ta lungu don kada a gaishe ni.

Na tsaya gaban Ma. Na ɗaga wayar, na nuna lasifikar.

"A kicin," na ce. "Kusa da tukunyar shinkafa."

"A-Fen, shiga gida."

"Kin rage murya, kin rufe ƙofa, kin kara kunne. Ina sama ina girgiza waya kamar mahaukaciya, ke kina ƙasa kina jin abin da aka aiko min."

"Na ce ki shiga gida, mutane suna kallo!"

"Su kalla! Ai sun riga sun ji!" Na juya wajen Ayi Pan. "Ayi, wa ya gaya miki sunan?"

Ayi Pan ta kalli Ma, ta kalli ƙasa. "Wasa ne fa, yarinya. Mun ɗauka abin dariya ne."

Baokun ya matso, yana murmushin da bai kai ido ba. "A-Fen, wannan daban ne. Bulutut ne kawai, haɗin waya da lasifika ba igiya, ƙaramin abu. Manhajar da na cire..."

"Kai ka haɗa su," na ce. "Ranar sabuwar shekara, kana shan shayi a gidanmu. Da na kawo maka wayar, kallo ɗaya ya ishe ka. Ka ce yana kallona a ɗaki. Ka ce min na makara."

Ya fara wasa da makullin babur.

Na koma kan Ma. Na ɗauka za ta yi kuka, ko ta ce kuskure ne. Ta ɗaga haɓa.

"Eh, na ji," ta ce. "Ranar farko ban nema ba, ina yanka kabeji muryarsa ta fito. Sai na ce sama ce ta tausaya min. Ni kaɗai na rene ki. Na binne mijina, da hannuna na ƙona masa gidan takardar da uban yaron nan ya yi. Kullum na ga shagon nan ranar nake gani. Ki ce in kai ki can in bar ki? Ko gobe aka sake, haka zan yi."

"Kin ga na liƙe idon waya da filasta. Kin ga na daina cin abinci. Kin zauna a shagonsa kin dafa ƙirji kina wayyo."

"Da kukan wata ɗaya da na rayuwa, na zaɓar miki."

"Kin bar ni na zagi mahaifinsa a cikin shagonsa, Ma."

"Wannan bakinki ne," ta ce. "Ban sa miki magana a baki ba."

Nan ne ya fi zafi, don gaskiya ta faɗa.

Ba wanda ya motsa a dandalin. Na danne wurin magana da babban yatsa, a gabansu duka, na kai wayar bakina. Ban rage murya ba.

"Desheng-ge, ni ce. Ba kai ba ne. Na gano, ba kai ba ne. Ka yafe min, ka ce wa mahaifinka ya yafe min. Ka faɗa min motar da zan hau. Ko ɗakin ba taga zan zo."

Na saki yatsa. Saƙon ya tafi, 'yar da'ira tana juyawa a gefensa, tana juyawa. Ma ta miƙa wuya tana leƙe. Baokun ma.

Da'irar ta tsaya. A wurinta jar alama ta fito, da wani ɗan rubutu a ƙasa.

"Me aka rubuta?" in ji Ma. "Baokun, karanta mata."

Na janye wayar na rungume ta a ƙirji.

"Bar shi," na ce. "Wannan na iya karantawa."

Desheng ya cire ni daga wayarsa.